Sun Haƙa Rami, Sannan Suka Tambayi Dutse

Jama'a, yau da safe banɗakin gidana ya tsare ni. Ba ciwon ciki nake nufi ba, Allah ya kiyaye. Wanka na shiga da ɗan ruwan da uwargida ta auna mini a gindin bokiti, na tura ƙofa ta rufu da wani irin nishi, na yi abin da zan yi, na ɗaura tawul, na kama mariƙi na ja. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Na sa hannu biyu, na tokare bango da ƙafa, na ja har tawul ya fara barazanar tona mini asiri. Ko gezau.

Na ƙwala wa uwargida kira. Ta zo ta tsaya daga waje, abin da ta fara tambaya shi ne wai me na yi wa ƙofar. Na ce, "Me kuwa zan yi mata? Rufe ta na yi, yadda na saba rufe ta tun muna ango da amarya." Ta tura, na ja, muka yi ta fama kamar masu raba faɗan raguna. Da ta gaji sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabcinmu kafinta, wanda duk layi ke ce wa Ƙusa, saboda ga shi siriri ga faɗin kai.

Ƙusa ya shigo da jakar kayan aikinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar cikin ladabi ya ce, "Maƙwabci, kana ciki?"

Na ce, "A'a, na tafi kasuwa."

Sai da ya gama dariyarsa tsaf, har da zama a kan benci yana share hawaye, sannan ya kwance ƙyauren ɗungurungum ya jingine shi. Na fito ina hararar katakon. Ya ce, "Daina hararar sa, ba shi da laifi. Gidan ne ya ƙara kishingiɗa." Ya ɗauki lemo daga farantin uwargida ya ajiye a kan simintin baranda. Lemon nan ya ɗan yi jim, sannan ya kama hanya ya nufi bangon yamma kamar wanda aka aika. Ƙusa ya ce ƙofofin da ya cire a layinmu cikin 'yan watannin nan sun fi waɗanda ya kafa bara da bana. Shi dai ba shi da abin cewa ga manya sai godiya, domin tun da ya koyi sana'a bai taɓa ganin aikin hukuma da ya amfani kafintoci kai tsaye irin wannan ba.

Ni ma godiyar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Waɗanda suka saba karanta ni sun san ni ba kowa ba ne, mai gyaran fanka ne da dutsen guga a wani ɗan shago a bakin titi, kuma abin da na mallaka a duniya bai wuce gidan nan mai ɗaki uku da rijiya a tsakar gida ba. Na ce rijiya saboda sabo. Yanzu rami ne mai murfi.

Unguwarmu tana gindin wani tsauni. Famfo kam muna da shi tun tuni, kowane gida akwai, sai dai aikinsa rataye soso da tsumma. Rijiyoyinmu ne suka riƙe mu, ruwa mai sanyi, ko a tsakiyar rani guga ba ya dawowa fayau. Muna zaman zamanmu sai aka ce manya sun tuna da mu. Wai a bayan tsaunin akwai madatsar ruwa cike taf, za a huda tsaunin a yi rami mai faɗin da tifa za ta shige, ruwa ya bi ta ciki zuwa wurin tacewa, daga nan kowane famfo a gari ya kama zuba har mu roƙi a rage.

Ranar ƙaddamarwa na rufe shago na je. Mai Girma Babban Mai Almakashi ne da kansa ya zo, bawan Allahn da aka hore wa baiwar yanka ƙyalle a bakin duk abin da ba a gama ba. Aka ɗora masa hular kwano sabuwa fil a kan hularsa, aka miƙa masa shebur mai ado, ya ɗebi ƙasa kamar cokali guda ya zubar, muka yi tafi har hannu ya yi ja. Ya ce kafin wa'adinsa ya cika sai ruwa ya fito, ko dutse ya so ko ya ƙi.

To, ina da 'yar yayata da ta yi karatun duwatsu a jami'a. Lokacin da ta zaɓi fannin dangi sun yi ta surutu, wai 'ya'yan mutane na karanta likitanci ita ta tafi karanta tsakuwa. Muna ce mata Injiniya, tana cewa ita ba injiniya ba ce, mu kuma ba mu fasa ba. Hukumar da ke da aikin ta ɗauke ta cikin masu binciken ƙasar da ramin zai ratsa. Takan biyo ta shagona da yamma, takalma duk jar laka, 'yar guduma a rataye a ƙugu, in sa a kawo mata shayi.

Wata rana na ce, "'Yar nan, ni dutsen da na sani shi ne na guga, amma ban gane aikinki ba. Dutse ai dutse ne. A sa nakiya a fasa a wuce mana."

Ta ce, "Kawu, fankar nan da ke gabanka, daga waje kana sanin abin da ya lalace a cikinta?"

Na ce sai na kwance.

Ta ce, "To mu ba ma iya kwance tsauni. Sai dai mu huda shi daga sama da inji irin na haƙa burtsatse, mu zaro dutsen a mulmule kamar sandar rake, mu jera a akwati mu duba. Wani wurin ya fito lafiyayye, ka buga masa guduma ya amsa kamar ƙarfe. Wani wurin ya fito a farfashe. Wani wurin kuma ba abin da ke fitowa sai laka da gari. Wannan na ƙarshen shi nake tsoro."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Wai tun zamanin da ba kowa a duniya ƙasa ta taɓa motsawa, manyan duwatsu biyu suka gogi juna, abin da ke tsakaninsu ya niƙe ya zama ruɓaɓɓen dutse. Irin wannan tsaga tana riƙe ruwa kamar soso. Ta ce, "Ruwan rijiyarka daga nan yake. Ba ka taɓa mamakin yadda layinku ba ya ƙafewa ba, alhali unguwar gaba kullum suna bin 'yan garuwa? A kan tsagar kuke zaune. Idan rami ya zo ya huda ta daga ƙasa ba shiri, kamar ka huda gindin randa ne. Ruwan zai zube a kan mutanen da ke aiki a ciki. Ƙasar da yake tallafe da ita kuma ta motse, abin da aka gina a kanta ya bi ta."

Na ce, "To ai kin kashe mu."

Ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina. Hanyar da aka zana wa ramin ta gabas take, cikin lafiyayyen dutse, nesa da mu, kuma sun huda ta wuri-wuri sun gani da idonsu. Ko da an ci karo da ƙaramar tsaga akwai yadda ake yi. Ana tura dogon ƙarfe gaba a leƙa kafin a fasa, in an ji ruwa a ɗura ruwan siminti a toshe, a jira ya kama, sannan a ci gaba. Ta ce, "Abin da yake ci kawai lokaci ne, Kawu." Ni kuma a lokacin ban san cewa lokaci ne abin da ya fi komai tsada a wurin manya ba.

A gabashin tsaunin akwai wani gida. Ban ce gidan wane ba ne, ni ma ban sani ba, kuma ina roƙon Allah kada ya sanar da ni. Abin da ake hangowa daga titi dai doguwar katanga ce da itatuwa masu aski, an ce kuma a ciki akwai tafkin wanka mai shuɗin ruwa. Mai gidan, Ranka Ya Daɗe Mai Barcin Rana, ya ji labarin za a riƙa tayar da nakiya a ƙarƙashin tafkinsa. Ba a ji ya ɗaga murya ba, manya ba sa ɗaga murya. Kawai dai aka wayi gari ramin ya yi kwana. Layin da ke miƙe a taswira ya lanƙwasa cikin ladabi, ya kewaye gidan, ya biyo ta ƙarƙashin talakawa, inda aka san nakiya ba ta hana kowa barci.

Ran nan Injiniya ta zo shago ko zama ba ta yi ba. Ta ce ta miƙe a taro ta gaya musu a gaban kowa cewa sabuwar hanyar ba a huda ta ko sau ɗaya ba, kuma za ta ratsa tsagar da ke ƙarƙashinmu. Shugaban taron ya tambaye ta, an yi bincike ko ba a yi ba? Ta ce an yi, amma na tsohuwar hanya. Ya ce sakamako ya yi kyau ko bai yi ba? Ta ce ya yi, amma fa. Ya ce to madalla, tsauni ɗaya ne, a wuce batu na gaba.

Jama'a, ku dubi hikima. Wannan daidai yake da likita ya auna maƙwabcinka ya same shi garau, sannan ya kwantar da kai ya yi maka tiyata da sakamakonsa, tunda layinku ɗaya. Da asibitoci za su koyi wannan dabara da an rage cunkoso.

Ta nemi a ba ta injin hudar na ɗan lokaci ta duba sabuwar hanyar. Aka ce injin yana wani aiki na gaggawa. Daga baya direban da ya ja shi ya ba da labari a teburin mai shayi cewa gonar wani babba ya kai shi, ana nema wa dawisu ruwan sha. Ta nemi aƙalla a riƙa leƙa gaba da ƙarfe kafin kowace nakiya. Aka ce wa'adin Mai Girma na ƙaratowa, dutse kuwa ba ya jefa ƙuri'a balle a tsaya jin ra'ayinsa.

Da ta ƙi yin shiru sai aka saka mata da alheri. Aka ƙara mata girma, aka naɗa ta shugabar ɗakin ajiyar duwatsun da aka zaro, wani dogon sito mai rufin kwano a bayan ofis, ita da akwatuna da ƙadangaru. Uwarta, wato yayata, ta bugo mini waya tana guɗa wai an ɗaukaka 'yarta. Na taya ta murna. Me zan ce?

Akwai kuma ƙanin uwargida, direban tifa, da ya samu aiki a cikin ramin yana kwaso dutsen da aka fasa. Mutum ne mai ƙananan 'ya'ya, ya daɗe yana zaman kashe wando kafin wannan aiki. Da Injiniya ta same shi ta ce ya yi hattara, sai ya ce, "In bar aikin mu ci me?" Ta ce ba ta ce ya bari ba. "Amma in ka ga goshin ramin, can inda ake fasawa, ya fara gumi, ko ruwan da ke ɗiga ya juya ya yi ja, kada ka tsaya neman izinin kowa. Ka bar motar ka gudu."

Ran da abin ya faru da hantsi ne, ina warware wayar wata fanka. Na ji jiniya daga wajen tsauni, na ɗauka wani babba ne zai wuce. Sai ga uwargida a ƙofar shago, mayafi a karkace, takalmi kowace ƙafa da irin nata. Ta ce, "Malam, rami ya fashe, ɗan'uwana yana ciki."

Ban san yadda muka isa ba. A bakin ramin an ja igiya, masu gadi sun tare mata da maza, kowa na kiran sunan nasa. Daga ciki wani jan ruwa ne ke fitowa, mai kauri kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini, yana ɗauke da katakai da hulunan kwano. Duk hular da ta fito tana juyi a kan ruwa sai mata su sa ihu. Uwargida ba ta yi ihu ba. Ta kama hannun rigata ta murɗe, bakinta na motsi da addu'a, idonta a kan baƙin ramin nan. Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa ganin tsufa a fuskarta ba sai ran nan.

Can sai ma'aikatan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna dafe da bututun iska da ke jikin bango, laka har ƙirji, ba ka bambance wannan da wancan. Ƙaninta yana cikin na ƙarshe, ya goyo wani mai saka nakiya da dutse ya karya wa ƙafa. Da ya sauke shi, shi ma ya zube a ƙasa, uwargida ta tsallake igiyar. Mai gadi ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ta, ya fasa. Ta rungume ƙanin nata da lakar da komai, sannan ta ɗaga hannu ta ɗaɗa masa duka a kafaɗa tana kuka, wai me ya tsayar da shi.

Daga baya ya ba ni labari. Ya ce, "Yaya, tun da safe goshin ke gumi. Na gaya wa shugaban aiki, ya ce zafi ne. Da aka tayar da nakiya muka koma kwasa, sai na ji dutse na ƙara kamar ana taka busasshen kara. Na duba na ga ruwan ya yi ja. Na diro daga mota ina ihu kowa ya fita. Ba mu yi nisa ba bangon ya buɗe." Allah ya sa ba a rasa rai ba. Tifarsa dai tana can ciki har yau, kuma an kira shi ofis an ja masa kunne saboda barin kayan hukuma ba tare da izini ba.

Da yamma kakakin aikin ya yi magana a rediyo. Mu a unguwa Yallaɓai Ba Matsala muke ce masa. Ya ce abin da ya faru albishir ne, domin ramin da ake haƙawa saboda ruwa ya samu ruwa tun kafin a gama shi, abin da ba a taɓa gani ba a tarihi.

Ba a jima ba uwargida ta jefa guga ta ji ya daki ƙasa ƙwal. Ta ƙara igiya, ya fito da danshin yashi. Sauran rijiyoyin layin suka bi sahu. Sai bangaye suka karɓa. Na ɗakin kwananmu ya fara da siririn layi kamar gashi, daga kusurwar taga zuwa rufi, a hankali ya buɗe har ina zura yatsa.

Muka haɗu muka je ofishin hukumar, ni da Ƙusa da wasu dattawa. Aka ce mu koma za a zo. Abin mamaki, aka zo. Yallaɓai Ba Matsala ya iso da motoci da masu ɗaukar hoto, ya shiga har ɗakina da takalminsa, ya tsaya gaban tsagar ya goya hannu a baya ya daɗe yana nazari.

Ya ce, "Malam, wa ya gina maka gidan nan?"

Na ce, "Magini, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi mutanensa ya ce, "Kun ji ko? Magini." Suka gyaɗa kai cikin jimami. Ya ce matsalar mutanenmu ke nan, sai su kama gini ba tare da binciken ƙasa ba. Wallahi haka ya ce, a ɗakina, a gaban iyalina. Ya yi mini nasiha mai ratsa jiki kan muhimmancin sanin abin da ke ƙarƙashinka kafin ka taɓa ƙasa. Na ce na gode, Allah ya ƙara ilimi.

Ƙusa ya ce, "Yallaɓai, rijiyoyin fa? Su ma maginin ne?"

Ya ce wannan sauyin yanayi ne, duk duniya ake fama. Washegari aka aiko masu fenti suka shafe duk tsagar da ke fuskantar titi. Ta cikin ɗaki kuwa an ce wannan sirrin iyali ne, hukuma ba ta shiga.

Wadda ta zo ba da jerin motoci ba ita ce Injiniya. Ta taso daga sitonta a kan babur ɗin haya, ta zagaya gidan tana shafa bango. Ta karɓi gutsuren gilashin taga a wurin Ƙusa, ta manna shi da siminti a gicciye kan tsagar. Ta ce, "Kawu, in ya zauna lafiya, ƙasar ta gama zama. In ya tsage, tana kan tafiya, ku fita daga ɗakin nan." Ta bi gida-gida ta yi wa maƙwabta haka, ba wanda ya aike ta.

Gilashin namu bai daɗe ba. Muna karyawa da safe muka ji ƙas, 'yar ƙara kamar an karya tsinke. Uwargida ta ajiye kofi ta shiga ta duba, ta fara naɗe katifa. A ɗakin nan muka yi renon 'ya'yanmu duka. Kowane bulo da ke jikinsa fankar wani ce da na gyara. Yanzu a falo muke kwana, mu da kujeru, mun bar wa tsagar ɗakin ta sake.

Na tambayi Injiniya ko gidan zai faɗi. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani ƙarya yake, tunda har yanzu ba wanda ya leƙa ƙarƙashinmu. In aka toshe tsagar da wuri, ruwa zai iya dawowa a hankali ƙasa ta tsaya. In aka ci gaba da zuƙe shi, sai abin da Allah ya yi.

Zuƙewar kuwa ake yi. An kafa manyan injina a bakin ramin suna jan ruwan suna zubarwa a kwata. Da yake mun rasa na sha, matan unguwa suka fara zuwa da jarkoki suna tara a bakin bututun, su bar shi ya kwanta su tace. Wani mai hangen nesa a ofis ya ga layin jarkokin nan, ƙwaƙwalwarsa ta kawo wuta. Aka gina ɗan dakali, aka jera kawunan famfo, aka shafa fenti, aka kafa allo cewa an kammala kashi na farko na aikin ruwa. Aka sa ranar da Mai Girma Babban Mai Almakashi zai zo ya buɗe.

Ana gab da bikin muka ji rugugi a filin da ke bakin layinmu. Na leƙa, me zan gani? Injin hudar ƙasa ne, wanda ya tafi gona, ya dawo har ya yi ƙiba. Ga Injiniya tsaye a gefensa da hular kwano, an fito da ita daga sito. Na tsallaka titi har ina tuntuɓe, na ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan! Sun ji maganarki ke nan, za a duba ƙarƙashinmu?"

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Kawu, a nan za a kafa dandamalin da Mai Girma zai zauna. Masu tsaron lafiyarsa sun ji an ce ƙasar unguwar nan tana nutsewa, sun ce ba zai taka ba sai an tabbatar."

Jama'a, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Fili ne da bai fi falon gidan mai hali ba, amma an huda shi kusurwa-kusurwa da tsakiya. An zaro duwatsu an wanke an jera an ɗauki hotonsu. An kawo wata na'ura mai wayoyi an saurari cikin ƙasa kamar ana awon mai juna biyu. Inda aka ji alamar rauni aka ɗura ruwan siminti har ƙasa ta ce ta ƙoshi, aka jira ya kama, ba wanda ya dubi agogo. Duk abin da yarinyar nan ta roƙa a yi wa tsauni guda da rayukan ma'aikata aka hana, an yi wa kujera ɗaya shi har da gyara. Saboda haka masu cewa manyanmu ba su san binciken ƙasa ba, su ji tsoron Allah su daina yi musu ƙazafi. Sun sani sarai. Sai dai kafin a duba abin da ke ƙasa, ana fara duba wanda zai zauna a sama.

Ita dai ta yi abin da za ta iya. Da aka gama, ta ce wa masu injin akwai buƙatar a tabbatar da kewayen dandamalin, ta yi ta jan su da kewaye har suka shigo layinmu suka yi huda kafin wani ya farga ya kira su. Abin da ya fito ta nuna mini a tafin hannunta, jar laka ce da tsakuwa, ta matse ruwa ya ɗiga. Ta ce da wannan za ta koma ta sake buga wa manya ƙofa, ko za su ƙara mata wani girman.

Ranar biki Mai Girma ya zo ya zauna daram, ya yanka ƙyalle, ya murɗa famfo, aka tara masa a kofin gilashi. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa masu hoto, ya kai shi kusa da baki, sannan ya miƙa wa na bayansa. Muka yi tafi. Bayan an watse uwargida ta samu ta cika jarka, ta ɗanɗana ta ce, "Malam, wallahi ruwan rijiyarmu ne, ko ido a rufe na san shi." Na ce ta gode wa Allah. Da can ita kaɗai ke jan sa da guga ba wanda ya san da shi, yau ga shi ya yi suna har an buɗe shi da almakashi.

An kwashe rumfuna da kujeru, an bar mana filin da simintinsa. Tun daga ranar, da la'asar ta yi sai ka ga mutanen layi sun fito da tabarmi, tsofaffi da masu goyo a tsakiya, sauranmu a gefe-gefe, har ana 'yar rigima a kan wuri. Ni ma a nan nake rubuta muku wannan, gwiwar wani a cikin haƙarƙarina. Duk wanda ya zo nemana bai same ni a shago ba, ya tambayi inda Mai Girma ya zauna. A duk faɗin unguwar nan, nan ne kaɗai aka tabbatar ƙasa za ta iya ɗaukar mutum. Sai dai Injiniya ta ce in gaya muku ku rage cunkoso, don ba a gwada ta da nauyin talakawa ba.